Al'ada ko iko? Abin da rikicin harshe da filaye a Afirka ta Kudu ke nunawa game da 'yancin baƙar fata

Ranar 13 ga Satumbar 2024 Shugaba Cyril Ramaphosa na Afirka ta Kudu ya sa hannu a kan dokar gyaran harkar ilimi da ake kira BELA, amma ministar ilimi ta gwamnatinsa, Siviwe Gwarube, 'yar jam'iyyar Democratic Alliance (DA), ta ƙaurace wa bikin. A Janairun 2025 aka sanar da cewa ya amince da wata dokar, wadda ta ba gwamnati damar karɓar fili don amfanin jama'a, a wasu lokutan ma ba tare da biyan diyya ba. Cikin makonni kaɗan Shugaba Donald Trump ya dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasar, sannan a watan Mayu Amurka ta karɓi rukunin farko na Turawan Afirkana su 59 a matsayin 'yan gudun hijira.

Duk mai bin labarin daga nesa yana da dalilin rikicewa. Shekara 30 bayan rushewar mulkin wariyar launin fata, ga jikokin waɗanda suka kafa shi suna kukan ana danne musu harshe, ga kuma jikokin waɗanda aka danne suna cewa 'yancin bai iso aljihunsu ba. Tushen abin wata tsohuwar muhawara ce da 'yan gwagwarmayar baƙar fata suka daɗe suna yi daga Afirka har Amurka: me ke 'yantar da mutanen da aka zalunta, dawo musu da mutuncinsu da al'adarsu, ko damƙa musu mulki da dukiya?

Abin da ake nufi da kalmomin

Al'ada a wannan muhawara ba ta tsaya ga rawa da kiɗa da tufafin biki ba. Ta haɗa harshe, addini, tarihin da ake koya wa yara, sunayen garuruwa, da yadda mutum ke kallon kansa idan ya tsaya gaban wanda aka ce ya fi shi. Iko kuwa kala uku ne da ake yawan cakuɗawa: na siyasa, wato ƙuri'a da majalisa da 'yan sanda, na tattalin arziki, wato gona da banki da ma'adinai, da ikon yanke hukunci a ƙananan wurare, kamar wanda ke cewa da wane harshe za a koyar a wannan makaranta, ko wa zai zauna a wannan fili. Wannan na ukun ba a cika ambatonsa ba, alhali a kansa ake rikicin yau.

Manyan masu ra'ayi sun rabu tun da wuri. Kwame Nkrumah na Ghana ya ce a fara neman mulkin siyasa, sauran za su biyo baya. Leopold Senghor na Senegal da abokansa sun fi ƙarfafa alfahari da baƙar fata da gadonta, har Wole Soyinka ya yi musu shaguɓen cewa damisa ba ta shelar damisancinta, cafka kawai take yi. Amilcar Cabral, jagoran yaƙin 'yancin Guinea-Bissau da aka kashe a 1973, ya riƙe duka biyun: ya ɗauki yaƙin 'yanci a matsayin aikin al'ada, amma ya gargaɗi mayaƙansa cewa talaka ba don wani tunani da ke kan shugabanni yake faɗa ba, don rayuwarsa da ta 'ya'yansa ta gyaru yake yi. A Afirka ta Kudu an gwada kowanne daga cikin waɗannan ra'ayoyi, shi ya sa tarihinta ya fi dacewa da auna su.

Afirkana sun riga kowa gane dabarar

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, waɗanda suka fi kowa cin moriyar haɗa al'ada da iko a ƙasar su ne Afirkana, zuriyar Turawan da akasarinsu suka fito daga Holan tun ƙarni na 17. Ingila ta ci su da yaƙi tsakanin 1899 da 1902, matansu da yaransu sama da 26,000 suka mutu a sansanonin tsare mutane, sannan aka yi ƙoƙarin cusa musu Ingilishi a makarantu. Da yawansu sun talauce, ana yi wa harshensu kallon yaren ɗakin girki.

Martaninsu bai tsaya ga waƙoƙi ba. A 1918 suka kafa ƙungiyar asiri ta Broederbond da kamfanin inshora na Sanlam. A 1925 harshensu, wato Afirkans, ya zama harshen hukuma. A 1934 suka buɗe bankin Volkskas. Coci da makaranta da jarida suna gina harshen, banki da inshora suna tara kuɗin masu harshen, jam'iyya tana tara ƙuri'unsu. A 1948 jam'iyyarsu ta National Party ta ci zaɓe ta kafa mulkin wariya a hukumance. Cikin 'yan shekarun da suka biyo baya Afirkans ya ƙara kafuwa a matsayin harshen jami'a da kotu da kimiyya, saboda gwamnati ta zuba masa kuɗi.

Akwai wani abu a tarihin harshen da zai ja hankalin Bahaushe: daga cikin rubuce-rubucen farko da aka yi da Afirkans akwai waɗanda malaman Musulmin Cape suka yi da haruffan Larabci a ƙarni na 19, tamkar ajaminmu. Harshen ya tashi ne a bakin bayi da barori da iyayen gijinsu gaba ɗaya. Siyasa ce ta mayar da shi tambarin farar fata daga baya.

Lokacin da azzalumi ya zama mai "kare al'ada"

Mulkin wariya bai ce wa baƙar fata su watsar da al'adunsu ba. Akasin haka ya yi. Ya ce Zulu daban, Xhosa daban, Tswana daban, kowa ya koma "ƙasarsa" ya raya gadonsa. Dokar filaye ta 1913 ta riga ta taƙaita baƙar fata a kusan kashi 7 cikin 100 na ƙasar, aka ƙara zuwa kusan kashi 13 a 1936. A kan waɗannan guntayen filaye aka yanka yankunan ƙabilu goma da ake kira Bantustan, aka ɗora sarakunan da gwamnati ke biya, wanda ya ƙi aka tuɓe shi. An bai wa huɗu daga ciki 'yancin jeka-na-yi-ka, farawa da Transkei a 1976, ba kuwa wata ƙasar waje da ta amince da su. An ƙiyasta cewa mutum miliyan uku da rabi aka tasa daga gidajensu da ƙarfin tsiya tsakanin 1960 da 1983.

Haka aka yi a ilimi. Dokar 1953 ta ƙwace makarantun baƙar fata daga hannun mishan. Hendrik Verwoerd, ministan da ya kawo ta, ya fito fili ya ce baƙar fata ba shi da gurbi a cikin al'ummar Turawa fiye da wasu ayyukan ƙarfi. Dokar ta faɗaɗa koyarwa da harshen uwa a firamare. A wani wurin da wannan ci gaba ne, amma a nan iyaye suka gane manufar: a rufe wa yaro ƙofar duniya, a tsare shi a cikin ƙabilarsa. Har yau wannan tabon yana nan, domin iyaye baƙar fata da yawa suna ɗari-ɗari da duk wanda ya zo musu da zancen koyarwa da harshen gida.

Misali mafi ɗaci shi ne Inkatha, wadda Mangosuthu Buthelezi ya farfaɗo da ita a 1975 a matsayin ƙungiyar 'yanci ta fuskar al'ada, tana jingina da martabar Zulu. Buthelezi ya ƙi karɓar 'yancin bogi ga yankin KwaZulu, kuma magoya bayansa suna kafa hujja da hakan har gobe. Amma faɗan da ya ɓarke tsakanin mabiyansa da na ANC, babbar ƙungiyar yaƙi da wariya, ya ci dubban rayuka, kuma a 1991 asiri ya tonu cewa 'yan sandan gwamnati suna bai wa ƙungiyar kuɗi a ɓoye.

Biko da shirun da ya biyo bayan 1960

Bayan 'yan sanda sun harbe mutum 69 a Sharpeville ranar 21 ga Maris 1960, an haramta ANC da PAC, ƙungiyar da ta ɓalle daga cikinta. Zuwa 1964 Nelson Mandela da abokansa suna kurkuku, sauran shugabanni suna gudun hijira. Kusan shekara goma ƙasar ta yi tsit, tsoro ya shiga jinin mutane.

A cikin wannan shiru ne Steve Biko, ɗalibin likitanci a Jami'ar Natal, da abokansa suka fice daga ƙungiyar ɗalibai da Turawa masu sassaucin ra'ayi ke jagoranta, suka kafa ƙungiyar ɗalibai baƙar fata ta SASO, ya zama shugabanta na farko a 1969. Aƙidarsu ta farkar da baƙar fata ta ginu a kan cewa babban makamin azzalumi shi ne ƙwaƙwalwar wanda yake zalunta: muddin mutum ya yarda shi ƙasƙantacce ne, ba sai an sa masa ɗan sanda a ƙofa ba. Suka ƙi a kira su "waɗanda ba farare ba", suka yi Allah wadai da shafa man bilicin, suka ƙarfafa waƙe da wasan kwaikwayo da wa'azin coci mai magana da halin da baƙar fata ke ciki. Baƙi a wurinsu ya haɗa da Indiyawa da 'yan ruwa-biyu, duk wanda doka ta ware kuma ya yarda ya yi tsayin daka. Wannan ya rushe lissafin gwamnati na raba mutane ƙabila-ƙabila.

Da farko hukuma ta ɗan ƙyale su, a zatonta ƙungiyar baƙaƙe zalla ta dace da tsarinta na kowa-tashi-ta-fisshe-shi. Ba ta daɗe ba ta gane kuskurenta, a 1973 ta killace Biko a garinsu tare da hana shi magana a bainar jama'a. Masu ɗaukar tafiyar a matsayin zancen zuci kawai suna manta cewa ta gina asibitin Zanempilo, inda Dakta Mamphela Ramphele ta yi aiki, da ƙananan sana'o'i da ajin yaƙi da jahilci. Manufar ita ce mutane su ga da idonsu cewa baƙar fata na iya tafiyar da abu ba tare da Bature a kansa ba.

Sukar da ta fito daga ɓangaren ANC da 'yan gurguzu ita ce, wannan tafiya ta fifita launin fata a kan bambancin mai kuɗi da ma'aikaci, ta rufe ƙofa ga Turawan da ke adawa da wariya, kuma ba ta da tsarin karɓe mulki. Magoya bayan Biko suka ce ba a tara runduna da mutanen da suka raina kansu.

Soweto: faɗan harshe da ba na harshe kaɗai ba

A 1974 gwamnati ta ba da umarnin a raba darussan makarantun baƙar fata biyu: lissafi da ilimin zaman jama'a da Afirkans, kimiyya da darussan aikin hannu da Ingilishi. Malamai da yawa su kansu ba su iya Afirkans sosai ba. Iyaye da kwamitocin makarantu suka yi ta koke, limamin coci Desmond Tutu ya rubuta wa Firaminista John Vorster wasiƙar gargaɗi a watan Mayun 1976, ba a saurare su ba. Ranar 16 ga Yuni dubban ɗalibai suka fito a Soweto, 'yan sanda suka buɗe wuta. Hoton Hector Pieterson, ɗan shekara 12, ana ɗauke da shi jina-jina, ya zagaya duniya. Kwamitin binciken da gwamnatin kanta ta kafa ya ƙirga mutum 575 da suka mutu a tarzomar da ta bazu cikin ƙasar zuwa farkon 1977, wasu kuma na ganin adadin ya fi haka.

A nan akwai abin lura. Yaran ba don a koyar da su da Zulu ko Sotho suka fito ba. Ingilishi suka fi so, wanda shi ma harshen ɗan mulkin mallaka ne. Idan al'ada zalla ce matsalar, wannan ba ya da ma'ana. Amma a idonsu Afirkans shi ne harshen ɗan sanda da ofishin takardar izinin zama, Ingilishi kuwa hanyar aiki ce da karatu da jin abin da duniya ke ciki. Bayan haka, ba wanda ya tambaye su. Harshe ya zama wurin da rashin iko ya bayyana ƙarara a gaban yaro kowace safiya. Shekara guda kafin nan Mozambik da Angola sun sami 'yanci daga Fotugal, abin da ya nuna wa matasan cewa mulkin Bature yana iya faɗuwa.

Gwamnati ta janye umarnin cikin makonni, amma ta murƙushe tafiyar. An kama Biko ranar 18 ga Agustan 1977, aka yi masa dukan da ya taɓa ƙwaƙwalwarsa a Port Elizabeth, aka jefa shi tsirara a bayan mota aka yi tafiyar sama da kilomita 1,000 da shi zuwa Pretoria, inda ya rasu ranar 12 ga Satumba yana da shekara 30. A watan Oktoba aka haramta ƙungiyoyin tafiyar. Hukumar gaskiya da sasantawa ta hana 'yan sandan da ke da hannu afuwa, amma ba a gurfanar da kowa ba, sai a Satumbar 2025 aka sake buɗe binciken mutuwarsa.

Abin da ya faru da matasan Soweto bayan nan ya amsa wani ɓangare na muhawarar. Dubbai sun tsallaka iyaka, akasarinsu kuma ANC suka shiga, domin ita ke da sansanonin horo da makamai da ofisoshi a ƙasashen waje. Tafiyar Biko ta tayar da su, ANC ta kwashe su. AZAPO, jam'iyyar da ta gaji aƙidar, da ƙyar take samun kujera a majalisa bayan 1994. Ramaphosa kansa ɗan SASO ne da aka tsare a 1974, kafin ya koma harkar ƙwadago.

Me ya durƙusar da gwamnatin?

Idan aka duba shekaru ashirin na ƙarshe, abubuwan da suka matse mulkin wariya na iko ne tsagwaronsu. Yajin aikin Durban na 1973 ya farfaɗo da ƙungiyoyin ƙwadago, aka kafa ta mahaƙa a 1982 da haɗaɗɗiyar COSATU a 1985, kuma a 1987 mahaƙa kusan 300,000 suka ajiye aiki na mako uku. A 1985 bankin Chase Manhattan ya ƙi sabunta wa ƙasar bashi, sauran bankuna suka bi sahu, darajar kuɗinta ta faɗi. A 1986 majalisar Amurka ta kafa takunkumi duk da ƙin amincewar Shugaba Reagan. Yaƙin Angola ya yi wa sojojinta tsada, yaƙin cacar baka kuma ya zo ƙarshe.

Sai dai takunkumi ba ya faɗowa daga sama. Sai da aka sa duniya ta ji kunyar hulɗa da ƙasar, wannan kuwa aikin mawaƙa ne irin su Miriam Makeba, wadda ta yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1963, da masu ɗaukar hoto, da limaman coci, da masu kamfen ɗin hana ta shiga wasanni. A cikin gida, da aka hana taro, jana'iza ta zama dandalin siyasa, waƙa ta zama sanarwa. Najeriya ta taka rawa a wannan fagen: ta kafa asusun tallafa wa kudancin Afirka a 1976, ta karɓi babban taron yaƙi da wariya a Legas a 1977, kuma 'ya'yanta sun daɗe suna shugabantar kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariya, ciki har da Ɗan Masanin Kano Yusuf Maitama Sule a farkon shekarun 1980, da Joseph Garba da Ibrahim Gambari bayansa.

Bayan 1994

Sulhun da ya kai ga zaɓen 27 ga Afrilun 1994 ya miƙa ikon siyasa ga masu rinjaye, ya kuma kare haƙƙin mallaka na waɗanda ke riƙe da dukiya. Ta fuskar alamu an yi nisa: harsunan hukuma 11, aka ƙara na kurame a 2023, taken ƙasa mai harsuna biyar, Port Elizabeth ta koma Gqeberha. Ta fuskar rayuwa ma an samu sauyi na gaske. Gidajen da ke da lantarki sun tashi daga kusan kashi 58 a 1996 zuwa sama da kashi 94 a ƙidayar 2022, an gina gidaje sama da miliyan 3, miliyoyi suna karɓar tallafin wata-wata.

Amma binciken filaye na gwamnati na 2017 ya nuna cewa kashi 72 na gonakin da ke hannun ɗaiɗaikun mutane na farare ne, baƙaƙen Afirka kuwa kashi 4, alhali farare kusan kashi 7 ne na jama'a miliyan 62, baƙaƙe kuma sama da kashi 80. Alƙawarin raba kashi 30 na gonaki cikin shekara biyar bai cika ba. Bankin Duniya ya sanya ƙasar a kan gaba wajen tazara tsakanin mai shi da marar shi, rashin aikin yi ya haura kashi 30. Wasu na ɗora laifin a kan sulhun 1994, wasu a kan cin hanci da gazawar gwamnatocin ANC, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da zai nuna. A 2012 'yan sandan gwamnatin baƙar fata suka harbe mahaƙa 34 a Marikana.

Zanga-zangar ɗaliban 2015 ta sake nuna yadda abubuwan biyu ke sarƙe. An fara da neman a cire gunkin Cecil Rhodes, ɗan mulkin mallakar Ingila, daga Jami'ar Cape Town, aka cire shi a watan Afrilu. Zuwa Oktoba magana ta koma kan kuɗin makaranta, kuma a ƙarshen 2017 gwamnati ta sanar da karatun jami'a kyauta ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi.

Me dokar BELA ta ce, kuma wa ke cewa me?

Tun 1996 kwamitin gudanarwa na kowace makarantar gwamnati, wanda iyaye ke da rinjaye a cikinsa, shi ke tsara harshen koyarwa da ƙa'idar ɗaukar ɗalibai. Sabuwar dokar ba ta ƙwace wannan gaba ɗaya ba. Ta ba shugaban sashen ilimi na lardi hurumin ƙarshe a kan ɗaukar ɗalibi, da damar umartar makaranta ta ƙara wani harshen koyarwa bayan tuntuɓa. Ramaphosa ya jinkirta waɗannan sassa biyu na wata uku don a tattauna, sannan a Disambar 2024 ya ce a aiwatar da dokar baki ɗaya.

ANC da babbar ƙungiyar malamai ta SADTU suna cewa wasu tsofaffin makarantun farare suna fakewa da Afirkans don hana yaran baƙar fata shiga, alhali unguwannin sun sauya, makarantun talakawa kuma sun cika maƙil. Jam'iyyar DA da ƙungiyoyin AfriForum da Solidarity masu kare muradun Afirkana suna cewa tsarin mulki ya bai wa kowa haƙƙin karatu da harshen da ya zaɓa inda hakan zai yiwu, kuma duk makarantar da aka ƙara wa Ingilishi, a hankali Afirkans ke ɓacewa daga cikinta. A ganinsu gwamnati ta kasa gina makarantu ne take neman na wasu. Kotun tsarin mulki ta taɓa duba irin wannan a shari'ar makarantar Ermelo a 2009, inda ta ce jami'an lardi sun saɓa ƙa'ida, amma kwamitin makaranta ma dole ya duba buƙatar al'ummar da ke kewaye da shi, ba ta 'ya'yansa kaɗai ba.

Akwai muryoyi biyu da hayaniyar ta danne. Mafi yawan masu magana da Afirkans a gida ba farare ba ne, 'yan ruwa-biyu ne, da yawansu talakawa, kuma ba su da kuɗin gina makarantu masu zaman kansu kamar yadda Solidarity ta gina kwalejin Sol-Tech da Akademia. Sannan masana harsunan Afirka suna cewa wanda zai ci ribar dokar a aikace Ingilishi ne. Zulu ne harshen gida na kusan kashi 24 na jama'a, Xhosa kashi 16, Ingilishi bai kai kashi 9 ba, amma akasarin yara daga aji huɗu ake juya su zuwa Ingilishi, kuma da Ingilishi ko Afirkans ake rubuta jarrabawar kammala sakandare. A ganin waɗannan masana, an gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Batun filaye

An yi dokar filayen ne don ta maye gurbin ta 1975. Rashin biyan diyya ya shafi wasu yanayi ne da aka zayyana, kamar filin da mai shi ya yi watsi da shi ko wanda aka ajiye don jiran tsada kawai, kuma mai fili na da damar zuwa kotu. DA ta ƙalubalanci dokar a gaban shari'a, jam'iyyar adawa ta EFF kuwa ta ce dokar ba ta da haƙora. Zargin kisan ƙare dangi ga farare da ake yaɗawa daga Amurka bai dace da alƙaluma ba: ana kashe sama da mutum 25,000 a shekara a ƙasar, akasarinsu baƙaƙe, kashe-kashen gonaki kuwa ba su kai 100 ba, ko da yake tsoron da manoma ke ciki na gaske ne.

Abin da zai taɓa talaka

Iyayen da ke lardin Gauteng, inda ake rububin gurbi kowace Janairu, su ne za su fi ganin tasirin BELA, domin wasu ƙofofi za su iya buɗewa. Yaron ƙauye a Limpopo ko Gabashin Cape ba abin da zai sauya masa, tunda ba makarantar Afirkans kusa da shi. Matsalarsa ita ce wadda gwajin karatu na duniya na 2021 ya fito da ita: kashi 81 na 'yan aji huɗu ba sa iya karanta rubutu su fahimce shi da kowane harshe. Gyaran wannan yana buƙatar littattafai da horar da malamai da kasafin kuɗi, irin abin da aka yi wa Afirkans a ƙarnin da ya wuce.

A karkara, miliyoyin da ke zaune a tsofaffin yankunan Bantustan ba su da takardar mallakar filin da suke kai, yana ƙarƙashin sarakuna. A KwaZulu-Natal, asusun Ingonyama da ke ƙarƙashin Sarkin Zulu yana riƙe da kusan hekta miliyan 2.8, kuma a 2021 kotu ta ce ya saɓa doka da ya mayar da mazauna 'yan haya. Masu kare tsarin suna kiransa gadon gargajiya, masu sukarsa, musamman ƙungiyoyin mata, suna cewa da sunan al'ada ake hana talaka mallaka.

Rikicin da Amurka ya riga ya taɓa marasa lafiya, domin kafin a dakatar da shi tallafinta ne ke ɗaukar kusan kashi 17 na kuɗin yaƙi da cutar ƙanjamau a ƙasar. Baƙi 'yan Afirka ma suna ɗanɗana kuɗarsu: an kashe mutum 62 a hare-haren ƙyamar baƙi na 2008, a 2019 sai da aka kwaso ɗaruruwan 'yan Najeriya da jirgi, kuma ƙungiyar Operation Dudula da ta taso a Soweto a 2021 tana neman a kori baƙi daga kasuwa da asibiti. Inda aiki ya yi ƙaranci, haɗin kan baƙar fata da aka yi wa'azinsa a shekarun 1970 yana shan wuya.

Yadda dokokin biyu za su kasance a aikace ya rataya a kan lissafin siyasa. ANC ta samu kusan kashi 40 ne kawai a zaɓen Mayun 2024, ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da DA, kuma ma'aikatar da ke rubuta ƙa'idojin aiwatar da BELA tana hannun ministar DA, jam'iyyar da ta yaƙi dokar. Lardunan da za su yi amfani da ita kuwa akasarinsu ANC ke jagoranta, don haka ana sa ran makarantu da jami'an lardi za su riƙa haɗuwa a kotu, shari'a bayan shari'a.